Kuɗin Wata, Aikin Awa: Malamin Darasin Gida a Bune

A Bune ba a cinikin darasin gida da awa. Uba ne zai tari malamin lakwal bayan La'asar ko a bakin kasuwa, su gaisa, a tambayi iyali da gajiya, sannan ya shigo da abin da ya kawo shi: "Mushe, ɗan nan naka bana yake da jarrabawa, lissafi kuma ya gagare shi. A taimaka a riƙa duba shi da yamma." Mushe ya ce, "Ba komai, Alhaji, a turo shi." Maganar kuɗi takan biyo baya, a kaikaice, wani lokaci ma ta bakin wani: nawa za a riƙa ba Mushe na sabulu? Abin da aka tsayar, in har an tsayar, na wata ne. Ba a faɗi sau nawa za a haɗu a mako ba, ba a ce ƙarfe nawa za a tashi ba. Duk da haka awar tana nan kwance cikin cinikin, kuma wanda ya zauna ya tono ta zai gane abin da ke hana malamin lissafi daɗewa a ƙauye.

Bune ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure, gabashin jihar Damagaram, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa. Tsohon gari ne. Nan fadar masarautar Muniyo take kafin ta koma Gure, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya ambaci garin lokacin da ya ratsa yankin a ƙarshen 1852, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. Ƙasar Mangawa ce, ga Fulani da Hausawa tare da su. Ɗan lakwal a nan yakan tashi da Barbarci ko Fulatanci a gida, ya tsinci Hausa a kasuwa, ranar da ya shiga aji kuma a fuskance shi da Faransanci, harshen da ba ya jin sa a ko'ina sai tsakanin bangon ajin. Kundin da mahukuntan Nijar suka fitar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki, amma tambayar lissafi a jarrabawar BEPC da ta BAC da Faransanci take zuwa, da shi kuma ake amsa ta.

Sana'ar ba ta da sarki kamar pawa ko ƙira, ba a gadonta, ba a zama yaron wani a koya. Ba wanda ya tashi yana yaro yana burin yin ta. Mafi yawan masu yin ta malaman kwantaragi ne, waɗanda suka wuni riƙe da alli a lakwal ɗin gwamnati, yamma ta yi su sake ɗaukar allin don aljihunsu. Asalinsu ba nisa. A ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta fara ɗaukar malaman sa-kai, sannan da shirin bunƙasa ilimi na shekara goma da aka soma a 2003 aka buɗe ƙofa ga 'yan kwantaragi, domin a buɗe lakwal a kowane ƙauye ba tare da biyan cikakken albashin ma'aikaci ba. Cikin 'yan shekaru suka fi ma'aikatan dindindin yawa nesa ba kusa ba. Shekaru da dama abin da ake ba su a wata yana tsakanin jika 75 da jika 100 (jika ɗaya sefa dubu ke nan), gwargwadon firamare ko sakandare, kuma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Yajin aikin da ƙungiyoyi irin su SYNACEB suka sha kira, galibi kan jinkirin wannan kuɗin ne da neman a mayar da su ma'aikata. Mutumin da aka turo daga Maradi ko Tawa, yana haya, yana da iyaye masu jiran aike, ga bashin mai kanti, ba sai an roƙe shi sau biyu ba.

Bayan su akwai masu bautar ƙasa da ake turawa kwalejoji su koyar, akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder da ke dawowa gida hutu, akwai ɗan lise da ke duba ƙannen maƙwabta ana ba shi na kati. Akwai kuma tsohon darakta mai ritaya, wanda ba ya faɗin farashi ko kaɗan, don ya san abin da za a kawo masa zai fi abin da zai iya buɗe baki ya nema.

Kasuwar sana'ar daga gibin lakwal take fitowa. A takarda, shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni. A ƙauye kuwa, ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma guguwar farkon damina ce ke rufe shi, ba darakta ba. Gwamnati da kanta ta taɓa ƙirga irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000 a faɗin ƙasar. A cire makonnin da yara ke gona, a cire yajin aikin malamai da na ɗalibai, a cire kwanakin da mushe ke tafiya karɓar kuɗinsa, sai ka ga wata tara sun koma abin da suka koma. Sakamakon bai ɓuya ba. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba da suka iya karatu yadda ake bukata. A 2017, lokacin da Dauda Mamadu Marte ke ministan ilimin firamare, aka zaunar da malaman kwantaragi su ma aka yi musu jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu makin wucewa. A 2021 wajen ɗaya cikin biyar ne suka ci BEPC. Ga kuma dokar maimaita aji: yaro ba ya maimaitawa yadda ya ga dama, in ya sake faɗuwa sai kora. Uban da ya ciyar da ɗa shekara tara ko goma a lakwal, yana ganin saura taki ɗaya a koro masa shi hannu rabbana, shi ne ke tarar mushe bayan La'asar.

Kayan aikin ba su da yawa: falankin katako da aka shafa wa baƙin fenti, alli, tsumma, tabarma, fitila mai caji da rana, da littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa wanda ya sha hannu har bangonsa ya fita. Gwanin sana'ar ba ya fara koyarwa ranar farko. Yakan miƙa wa yaro shafi ya ce ya karanta da ƙarfi, ya yi masa dikte na layi biyar, ya tambaye shi bakwai sau takwas. Nan yake gane inda ciwon yake, kuma sau da yawa ba inda uban ya nuna ba ne. An ce yaro bai gane ƙa'idar Tales da ta Pitagor ba, alhali rabawa ce bai iya ba tun firamare, ko kuma tambayar ce ba ya fahimta saboda kalma biyu na Faransanci da ke cikinta. Daga nan malami ke shiga tsaka mai wuya. In ya koma tushe ya gyara, wata uku za su wuce uba bai ga maki ya motsa ba, ya ce kuɗinsa na tafiya a banza. In ya bi tsofaffin tambayoyi yana sa yaro haddar hanyar amsa, maki zai ɗan tashi, yaron kuma ya shiga lise da ramin da ya zo da shi. Masu tsoron Allah a cikinsu sukan raba zaman biyu, rabi gyaran baya, rabi shirin jarrabawa, su kuma gaya wa uban gaskiya tun farko, ko da ba zai ji daɗi ba.

Babban sirrin sana'ar, a ganina, harshe ne. A kan tabarma mushe yana da 'yancin da ba shi da shi a gaban sufeto: ya warware tambaya da Hausa ko Barbarci, ya kawo misali da tiyar hatsi da canjin naira, sai yaro ya gane sannan a mayar da abin cikin Faransanci. Yaron da ke taya uwarsa sayar da dabino yana lissafin riba a ka ba kuskure, shi ne kuma ake ba 3 cikin 20 a aji. Malamin da ya iya haɗa waɗannan lissafi biyu ya fi mai digirin da bai iya ba, iyaye kuma sukan gane haka kafin wata ya ƙare.

To, mu zo ga awa. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin rabawa, kowa ya sa na garinsu a gurbinsu. An shirya da malami kan jika 10 a wata, yaro ɗaya, zama uku a mako, kowane zama awa ɗaya da rabi. Awa 18 ke nan a wata, kowace awa ta tashi sefa 550 da 'yan kai. Ba laifi, in aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda ya daɗe a sefa 30,047 kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a farkon 2024, in aka raba shi da awa 40 a mako wajen sefa 240 ne kawai a awa. Sai dai wannan lissafin na watan Nuwamba ne. Jarrabawa na matsowa, zama uku ya koma biyar, awa ɗaya da rabi ta koma biyu, don ba malamin da zai duba agogo ya tashi yaro na tsakiyar tambaya. Awa 40 ke nan, kuɗin kuma yana nan jika 10, awa ta faɗo sefa 250. Sannan uwar gida ta leƙo ta ce, "Mushe, ga ƙanensa nan, ya zauna kusa da ku ko zai tsinci wani abu." Mako na zagayowa ga ɗan kishiya, ga ɗan maƙwabci. Ba wanda zai ce a ƙara kuɗi, mushe ma ba zai iya cewa ba, don ya ci tuwon gidan. Ba a sa lokacin tafiya da dawowa a rairayi ba, ba a sa daren da ya yi yana gyaran takardu ba.

Shi ya sa duk wanda ya daɗe a sana'ar yake karkata ga rukuni. A ce yara 15, kowa jika ɗaya a wata, zama biyu a mako na awa bibbiyu, a wani aji da darakta ya ba da aro ko a zauren wani. Awa 16, kuɗi jika 15. Malami ya samu kusan sefa 940 a awa, kowane uba kuma abin da ya biya bai wuce sefa 60 da ɗoriya a awa ba. Kowa ya ci riba a takarda. Amma cikin 15 ɗin akwai maraya, akwai ɗan liman, akwai ɗan mai gidan da mushe ke haya, akwai biyu da kullum "Baba ya ce sai ran kasuwa." In biyar ba su biya ba, awa ta dawo sefa 625. Kuma rukuni in ya wuce ashirin ya zama aji, yaron da ke ɓuya a bayan aji da safe ya samu inda zai sake ɓuya da yamma.

Abin da ke ɗaga farashi sananne ne. Aji na jarrabawa ya fi na tsakiya tsada, lise ta fi kwaleji, kwaleji ta fi firamare. Lissafi da fizik su ne sarakai, don masu iya koyar da su kaɗan ne, sai Faransanci da Ingilishi. Malamin tarihi da labarin ƙasa, komai gwanintarsa, da wuya a tare shi a hanya, don kowa na ganin wannan hadda ce, yaro ya yi da kansa. In malami ne zai zo gida, kuɗi ya fi na in yaro ne zai je, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, man kwalba da ake zuba wa babur ya shiga lissafin. Sai suna: wanda yaransa suka ci jarrabawa bara, bana ba ya neman kowa. A ƙarshe akwai fuskar mai biya. Jandarma, malamin asibiti, ma'aikacin magajin gari da babban ɗan kasuwa farashinsu daban, manomi nasa daban, kuma ba wanda ke ganin wannan zalunci ne. Abin da aka karɓa a gidan mai hali shi ke ɗauke da yaron da ake koya wa kyauta.

Biyan ma ba kullum da kuɗi ba ne. Tiya kaza ta hatsi bayan girbi, kwanon dabino, kaza, kwanon tuwo kowane dare, ɗaki ba haya, wani lokaci ɗan akuya in sakamako ya yi kyau. Ga baƙon malami marar iyali a kusa, kwanon tuwon nan ya fi jika biyar amfani, shi ma ya sani.

Wahalar da ta fi kowace ita ce ta lokaci. Kuɗi na hannun mutanen karkara da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da jarrabawa ke da nisa, ba wanda hankalinsa ya tashi. Hankali na tashi a Afrilu da Mayu, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, dabba ta rame ba ta da farashi, magidanta da yawa kuma suna ci-rani a Najeriya ko Libiya. Aikin malami ya fi yawa a watannin da biyansa ya fi wuya, cikin zafin bazara da ba a iya zama a ɗaki. Uwa za ta ce a yi haƙuri sai an yi aike ta Nita ko Al Izza. In daga Najeriya aiken zai zo, faɗuwar naira tun 2023 ta riga ta cinye wani kaso kafin ya iso, rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin shekarar kuma ya daɗa tsuke mutanen da rabin cinikinsu da kudu yake. Masu wayo a cikin malamai sukan nemi a ba su na wata uku tun da kaka. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓa tun Nuwamba ba shi da bakin cewa ya gaji a Mayu, ko an yi masa canjin wurin aiki.

Bin bashi kuwa sai dabara. Mushe ba ya zuwa ƙofar gida ya yi sallama ya ce a ba shi kuɗinsa, girmansa zai zube. Yakan ce wa yaro, "Ka gai da Baba, ka ce wata ya yi nisa." In an yi shiru, sai ya fara samun uzuri, yau taro, gobe ciwon kai, har a gane. Wasu kuɗin ba sa fitowa har abada, musamman na watan ƙarshe in yaro ya faɗi.

Wannan nauyin baki yana da tushe. Tun kafin lakwal ta zo, ƙasar Barno da kewayenta ƙasar tsangaya ce, sarakunan Barno har takardar mahram suke ba malamai, wadda ke ɗauke musu haraji da hidimar fada. Malamin allo ba ya yanka farashi. Akwai kuɗin Laraba, akwai sadakar da ake kaiwa in yaro ya kai wata sura, akwai noman gonar malam, akwai babbar kyauta ranar sauka. Mutanen da suka tashi cikin wannan tsari suna ganin abin da ake ba mai koyarwa alheri ne da neman albarka, saboda haka faɗin "awa kaza, kuɗi kaza" yana yi musu kama da rashin kunya. Abin sha'awa shi ne malaman fiƙihun Malikiyya ba su ji wannan nauyin ba. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta ɗan littafi kan ladubban malamai, inda ya tattauna ɗaukar malami da lada na wata ko na shekara, da abin da ya cancanta in yaro ya sauke. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan har gobe, ta halatta a yi sharaɗi da malami kan ƙwarewar yaro, wato a biya in ya iya. Wata, shekara, ko sakamako: ma'aunan da aka sani ke nan fiye da shekara dubu, su ne kuma uban Bune ke amfani da su yau, ko ya karanta Risala ko bai karanta ba. Lissafin awa da agogo ya zo, tare da ofis da takardar albashi.

Littafin ɗan Sahnun ya yi wata magana da ta fi shafar mu: wajibi ne malami ya daidaita tsakanin yara, kada ya fifita ɗan mai kuɗi kan ɗan talaka. Nan ne sana'ar take da tabo. A Yamai ko Zinder uba na iya ɗauko malami daga wata makaranta. A ƙaramin gari malamin lissafi ɗaya ne, shi ke koyar da yaro da safe, shi ke karɓar kuɗin ubansa da yamma, shi ke fitar da tambayar gwaji, shi ke ba da maki. Ko mutumin kirki ne, zargi na bin sa. In ba na kirki ba ne, hanya a buɗe take: ya taƙaita bayani a aji ya ajiye cikonsa sai yamma, ko tambayar da aka warware a kan tabarma ranar Talata ta fito a gwaji ranar Alhamis. Yara sun fi kowa saurin gane wannan, kuma darasin da suke ɗauka daga ciki ya fi lissafin zama a kai. Ni dai ina ganin malamin da ke koyar da 'yan ajinsa don kuɗi ya kamata ya buɗe ƙofar ga duk ɗan ajin, mai biya da marar biya, ya kuma bar wani abokin aiki ya fitar da tambayar gwaji inda hakan zai yiwu. Hana abin gaba ɗaya ba ya aiki. Koriya ta Kudu ta haramta darasin gida a 1980, ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Sin ta rufe kamfanonin darasi masu neman riba a 2021, masu hali suka ci gaba da ɗaukar malamai a asirce. Mark Bray, wanda ya yi wa UNESCO nazarin wannan harka tun 1999, ya kira ta ilimin inuwa, don duk inda makaranta ta karkata nan take bi.

Akwai waɗanda kasuwar ba ta kai gare su ko kaɗan. Yaron da ya gama firamare a ƙauye ya zo garin da ke da kwaleji, yana zaune gidan wani ɗan uwa ko abokin ubansa, yana ɗebo ruwa yana kiwon dabbobin gidan a bakin abincinsa, ba shi da jika ɗaya ta rukuni. Irinsu ne ke haɗa kai su shafa baƙin fenti a bangon wani gida, su yi karo-karon alli, wanda ya fi ganewa ya tsaya a gaba. Da yawa daga cikin malaman yau a irin wannan bangon suka fara koyarwa. 'Ya mace kuma nata ya fi wuya. Da yamma tana daka da ɗiban ruwa, in ta girma ba uban da zai bar ta zuwa ɗakin malami namiji bayan Magariba, sai dai a zaure a gaban idon gida, ko a samu madam, su kuma mata masu koyar da lissafi a karkara ba su da yawa. Darasinta ya fi na ɗan'uwanta tsada tun kafin a fara, a gidan da in kuɗin na mutum ɗaya ne an san wanda za a ba. Makarantar kwana ta 'yan mata da aka buɗe a Kelle, cikin gundumar Gure ɗin nan, amsa ce ga wannan matsala ta masauki da lokacin karatu, sai dai gadajenta ƙidayayyu ne.

Yanzu a ɗora awar Bune kusa da ta birni. A Zinder, balle Yamai, akwai manyan ma'aikata, 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu albashin wata, waɗanda ke biya ran da wata ya mutu, damina ko bazara. Akwai makarantu masu zaman kansu da ke ɗaukar malamin gwamnati su biya shi da awa, a rubuce, kuma can ne kaɗai awa ke da farashin da aka san shi. Akwai masu sake zama jarrabawa daga gida da ke cika darasin dare. Malamin lissafi ko fizik da ya yi suna a birni yana iya fita daga wannan gida ya shiga wancan daga La'asar har bayan Isha, abin da yake haɗawa a wata ya kai albashinsa ko ya wuce. Takwaransa na Bune, mai takarda iri ɗaya da albashi iri ɗaya, gidajen da za su iya biyan sa jika goma bai fi ya ƙirga su da yatsu ba, sauran sai tiya da godiya. Gwamnati na biyan su daidai, kasuwar yamma kuma ta bambanta su ninki ba ninki.

Saboda haka kowace shekara, da an rufe lakwal, takardun neman canjin wurin aiki ke taruwa a ofisoshin ilimi na Gure da Zinder. Dalilan da ake rubutawa su ne rashin lafiya, kusantar iyali, ci gaba da karatu a jami'a, kuma da yawa gaskiya ne. Ba mai rubuta cewa awarsa ta fi daraja a birni. Wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi samun mai tsaya masa, shi ne kuma birni ya fi bukata. A gurbinsa sai a turo sabon ɗan kwantaragi ko mai bautar ƙasa, wani lokaci sai Disamba yake isowa, wani lokaci malamin wani fanni ne za a ce ya riƙe lissafin kafin a samu mai shi. Iyayen da suka saba da wancan sai su sake sabon bincike: wannan ɗin ya iya? Yana jin Hausa? Nawa zai karɓa?